Taswirorin da Batulu Ta Bari a Falo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙawata Batulu Abdulsalam a wani asibiti a Manchester, bayan gajeriyar jinya. Ina wurin aiki a Edgbaston, a birnin Birmingham, mijinta, Injiniya Sunusi, ya kira ni. Ya ce, "Safiyatu, sai haƙuri. Batulu lokaci ya yi." Kafin azahar ina cikin jirgin ƙasa.

Batulu, tun a Zariya na san ki, kina karatun safiyo ina karatun haɗa magunguna. Kin riga ni zuwa ƙasar nan, kika sami aiki a wata council, wato ƙaramar hukuma, a ofishin da ke kula da hanyoyin ƙafa, waɗanda ke ratsa gonaki da makiyaya. A wurinmu, mu 'yan gida da ke zaune a nan, wannan ba aikin da ake faɗa a gida ba ne. In an tambaye mu, sai mu ce kina harkar tsara birane. A 2011, da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rufe ofishin aka sallame ku. Muka zo jaje da kulolin abinci. Muka tarar da ke a kicin kina auna buroshin haƙori a kan sikeli, bayan kin guntule masa rabin mariƙi.

A ranar na san cewa yawon da kike yi ƙarshen mako ba shan iska ba ne. Tafiya ce ta kwanaki a ƙafa, jaka a baya, ƙaramin tanti a ciki, kuma duk abin da zai shiga jakar sai ya hau sikeli. Taswira ma ba ta tsira ba. Sai ki sayo babba, ki sa almakashi ki yanke siririn yankin da hanyarki ta bi, ki ajiye sauran. Littattafan jagorar tafiya kuwa shafukan da kike buƙata kawai kike cirewa. Ni da aka rene ni a gidan da ba a tsallake takarda mai rubutu, na ce miki wannan ai ta'adi ne. Kika ce, "Ke ma da a bayanki za a ɗora, da da haƙori za ki yaga."

Mun yi miki dariya, kuma ba a ɓoye ba. A wata walima Dakta Habu ya ce mutane sun haye teku sun zo Turai, Batulu kuma ta koma kiwo babu shanu. Kika taya mu dariya. Duk lokacin da za ki fita, sai mu haɗo miki guzuri irin namu: kilishi, dambun nama, cincin cike da roba. Ki karɓa hannu biyu, ki sa mana albarka, ki biya ta wurin ɗalibai masu jiran kuɗin karatu da bai zo ba ki sauke musu. Sai a zaman makoki na ji inda kilishina ya riƙa ƙarewa.

Da aka rufe cibiyar matasa ta unguwarku, ke kika kwashe 'yan matanmu. Yaran da ba su san komai ba sai tasha da kanti, kika hau da su tsauni cikin hijabi da rigar ruwa. Kika koya musu karanta taswira, da gano alƙibla da kamfas, da yadda matafiyi ke yin ƙasaru. Iyayensu suka yi ta ƙorafin laka a takalma. Babu wadda ta hana 'yarta zuwa Asabar ta gaba.

Daga nan kika ɗauko babban aikinki: hanyar ƙafa daga ƙofarki a Cheetham Hill ta Manchester zuwa ƙofata a Edgbaston, ba tare da bin babban titi ba. Ta gefen hanyar ruwa, ta Marple, ta tsaunukan bayan Macclesfield, ta dajin Cannock. Shekaru kina binta guntu-guntu. A kan kowane yanki na taswira kina rubutu da fensir, da Hausa: inda ruwa yake da tsabtar da za a yi alwala, katangar da za ta kare mace mai salla daga iska da idon mutane, manomin da ke bari a cika gora, gonar da karenta ba ya son baƙi. Kika ce littafi zai zama, don yaranmu. Kowace bazara sai kin ce in zo mu bi ko da yini guda. Kowace bazara sai in tuna miki cewa Turawan da suka zana taswirar su suka shimfiɗa layin dogo, don haka ni jirgi zan hau.

Da na isa flat ɗinku da la'asar ranar rasuwarki, Sunusi da 'yarku Asama'u suna can wajen takardun asibiti. Mata uku ne a gidan, suna tsaye a bakin falo sun rasa ta inda za su fara. Kin ture kujeru jikin bango, kin shimfiɗa yankunan taswirarki a ƙasa, ɗaya na bin ɗaya, daga bakin ƙofa har ƙarƙashin taga, an danne su da kofuna da 'yan duwatsu. Haka kika bar su ranar da aka tafi da ke asibiti.

Ga baƙi na tafe daga Leeds, daga London, daga Birmingham. Za a buƙaci wurin shimfiɗa darduma. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da na hango shi ne Hajiyoyi sun shigo sun ga gidan marigayiya cike da yagaggun takardu, su koma mota su ce ashe haka take zaune. Na ce a raina, a raye ban hana a yi miki dariya ba, yau kam zan rufa miki asiri. Na ɗaura zani a kan rigar aiki, na ce a miƙo min tsintsiya. Na san taswira ce. Na kuma san ana sayar da irinta a kanti. Fensirin ne bai zo min a rai ba. Na tattara, na cusa a buhu, na sa aka kai kwandon sharar takardu a waje. Falon ya yi fes. Aka kunna turaren wuta. Mutum biyu sun yaba min.

Bayan addu'ar uku, da jama'a suka ragu, Asama'u ta same ni a kicin. Ta dawo daga karatunta na jami'a a Perry Barr ta Birmingham ne tun da ciwon ya tsananta. Da Hausarta ta 'yan Manchester ta ce, "Anti, ina kuka ajiye hanyar Mama?"

Na ce, "Takardun falo?"

"Ta ce in na gama uni za mu bi tare. Har gidanki. Ta ce za mu zo miki da laka a kan kafet."

Motar shara ta riga ta zo tun safiyar Laraba. Na gaya mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kofi ta wanke, alhali wankakke ne. Sunusi ya ce kada in sa a raina, ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce. Na kuma san hannun da ya riƙe tsintsiyar.

Shi ya sa wannan ta'aziyya take ɗauke da roƙo. Asama'u ta sayo sababbin taswirori, farare tas, babu rubutun kowa. 'Yan mata da ɗalibai da kuka taɓa bin Batulu ko da yini ɗaya, ku zauna ku tuna. A ina kuka yi alwala? A bayan wace katanga kuka yi salla? Ku kira Asama'u ku gaya mata, za ta rubuta. Zinatu Ashafa, ɗaya daga cikin 'yan matan, ta riga ta kira, ta ce akwai famfo a bayan wata coci kafin a shiga Leek, kuma mai kula da wurin ya san Batulu da suna. Abin da ba a tuna ba, sai an je da ƙafa an nemo. A watan Yuli Asama'u za ta tashi daga Cheetham Hill. Ta ce ba ta buƙatar rakiyata. Na ce na ji. Jiya na gwada takalmin tafiyar da na sayo, yana ci min dunduniya, kuma zan je.

Batulu, ban nemi gafararki kina raye ba, domin laifin bai faru ba sai da kika tafi. Na san da kina nan da kin yi dariya kin ɗauko wani fensirin. 'Yarki ce ba ta yi dariya ba, kuma tana da gaskiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Injiniya Sunusi, da Asama'u, da mahaifiyarki Hajiya Ruƙayyatu a Zariya, da duk yaran da kika fitar daga ɗaki kika nuna musu faɗin ƙasar Allah. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Allah Ya sa kowace sallar da yarinya ta yi a kan dutse saboda koyarwarki ta zame miki sadaka mai gudana. Allah Ya ba Asama'u juriya, Ya sanyaya zuciyarta a kaina in Ya so. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Safiyatu Jumare
Edgbaston, Birmingham