Jan Rubutun Da Na Tsallake

A lokacin ina budurwa, haifaffiyar Agege ta Legas, na gama koyon kwamfuta a Oshodi, ina ji da kaina kamar ni na ƙera ta. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa yana mafarkin gobe. Wani ƙaramin asibiti a unguwarmu ya ɗauke ni in kwafe katunan marasa lafiya in zuba a sabuwar kwamfutarsu.

Ina son ɗakin da aka ba ni in yi aiki. Fanka tana juyawa a hankali, ƙamshin burodi yana shigowa ta taga, jirgin ƙasa ya wuce labule ya motsa. Yatsuna suna aiki, zuciyata kuwa tana can wani ofis mai sanyi da ban taɓa gani ba. Allon kwamfutar yana da gurbin suna, da shekaru, da ciwo, da magani. Abin da ba shi da gurbi sai in wuce. Wata tsohuwar nas ta ce in riƙa duba gefen kati, nan suke rubuta abin da bai kamata a manta ba. Na yi dariya, na ce mata zamanin biro ya wuce.

Cikin katunan akwai na wani dattijo mai goro a bakin layinmu, wanda kullum yake kirana 'yarsa. An rubuta da jan biro a gefe cewa jikinsa ba ya karɓar wani maganin zazzaɓi. Na gani da idona, na tsallake. Aka ɗaure katunan aka kai sito.

Da damina zazzaɓi ya kawo shi. Sabon likita ya tambaye shi ko akwai maganin da ke ba shi matsala, ya ce akwai, bai riƙe sunan ba, amma 'yarsa ta sa komai a na'ura. Likita ya duba bai ga komai ba, ya ba shi wannan maganin. Fatarsa ta saɓule, idanunsa suka kumbura. Ya rayu, amma bai ƙara gani ba.

Da-na-sani ƙeya ce. 'Yan'uwana masu wannan aiki, kwamfuta ba ta san abin da ba ku gaya mata ba, kuma bayan kowane kati akwai mutum. Kada ku raina rubutun gefe. Har yau dattijon nan yana gane takuna, ya miƙo mini goro, ya sa wa 'yarsa mai kwamfuta albarka. Ina karɓa, amma wallahi ban taɓa iya ci ba.