Malam Lawal Mai Zobe da Cigiyar Agwagwar Ruwa

Ina cikin cire takalmi a ƙofar gida, dawowata ke nan daga kasuwar Daura, sai waya ta yi ƙara. Hadiza ce, babbar 'yar Malam Lawal. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Baba Sale, Baba ya cika. Yanzun nan, bayan azahar." Na yi salati, na zauna a kan dakali da takalmi ɗaya a ƙafa. Ba jinyarsa ce ta fara zuwa raina ba, domin zazzaɓin kwana biyu ne kawai. Abin da ya zo mini shi ne wata magana mai zafi da na faɗa masa kwana tara kafin nan, wadda ban koma na nemi afuwarta ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Lawal tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ni kuma tsohon malamin makaranta. Abin da ya haɗa mu tsuntsaye ne. Kowace shekara idan ruwa ya ɗauke, aka shiga yankan gero, akwai tsuntsayen da ke ƙetaro teku da sahara su sauka a wata fadama da ke kan hanyar Zango, su zauna har zafi ya shigo. Malam yana kiran su 'yan ci-rani. Tun yana matashi ya koyi kama su a wurin wasu masu bincike, a sa musu ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake su, domin duk inda aka sake ganin tsuntsun a san hanyar da ya bi. Daga nan mutane suka laƙaba masa Mai Zobe, da zolaya aka fara, har sunan ya danne na yanka.

Aikinmu a rabe yake. Bayan sallar asuba yakan zo ƙofar gidana a kan tsohon babur ɗinsa, mu tafi mu kafa raga tsakanin gorori a bakin ruwa. Shi ke cire tsuntsu, ya auna fiffike, ya ɗora a sikeli, ya matse zobe da filaya. Ni kuma ina zaune a kan buhu ina rubutawa. Yakan ce shi hannu ne, ni biro, kuma biron ya fi hannun surutu. Ban taɓa ganin ya fizgi tsuntsu daga raga ba, komai yadda zaren ya sarƙe. "Kada ka ja," in ji shi. "Duba ta inda ya shigo, ta nan zai fita." Haka yake yi wa mutane ma. Idan maƙwabta suka kawo masa rigima, ba ya fara da wanda ya yi zagi, sai ya tambayi ranar da suka daina gaisawa.

Amma abin da ya sa sunansa ya kai ƙauyuka wani abu ne dabam. Wata shekara wani manomi mai suna Audu ya same mu a fadama, fuskarsa ba walwala, da wani abu a ƙulle a bakin rigarsa. Ya kama 'yar agwagwar ruwa a tarko, ya yanka, iyalinsa sun ci, sai a wajen wanke ƙafafu aka ga zobe da rubutu a jiki. A sanin Audu, kamar sanin kowa a nan, dabbar da aka yi wa shaida tana da mai ita. Ya ce, "Malam, na ci haƙƙin wani ban sani ba. Kwana uku ke nan abinci ba ya shiga. An ce kai ka san masu su, ka taimaka ka yi mini cigiya, in biya ko a yafe mini."

Ni dariya ta kama ni, na fara yi masa bayani irin na aji, cewa zoben ba alamar mallaka ba ne. Malam ya dube ni sau ɗaya, na yi shiru. Ya karɓi zoben da hannu biyu, ya ce wa Audu za a yi cigiya. Muka rubuta wa adireshin da ke jikin zoben. Bayan watanni amsa ta zo, cewa an sa wa agwagwar zobe ne a wata fadama ta bakin teku a ƙasar Turai, a lokacin da tsuntsaye ke shirin tasowa kudu, kuma suna godiya da labari. Na ce shi ke nan, a gaya wa Audu an yafe. Malam ya ce, "Ina aka rubuta an yafe? Godiya suka yi. Ba zan kai wa mutum yafiyar da ba a ba ni ba." Dole na sake zama na rubuta da Turanci cewa wanda ya ci agwagwar yana neman gafararsu. Na yi gumi kafin in sami kalmomin. Wata mata daga can ta amso da hannunta, ta ce agwagwar ba ta kowa ba ce, amma in akwai wani abu nata a ciki, ta yafe. Malam ya hau babur ya kai wa Audu har gona.

Tun daga ranar, duk wanda ya tsinci zobe a ƙafar tsuntsu, daga Zango har Mashi, wurin Malam yake kawowa. Bai taɓa gyara musu fahimta ba. Da na yi masa ƙorafi, ya ce, "Mutumin da ke tsoron haƙƙin tsuntsu, me zan koya masa?"

Gaskiya ita ce, a 'yan shekarun nan na gaji. Injinan ban-ruwa sun zagaye fadamar, ruwan yana janyewa tun kafin baƙin su gama sauka. Inda muke kafa raga shida, muka koma biyu. Akwai ranar da muka wuni daga zalɓe ɗaya sai balbelu, ba mu rubuta komai ba. Gwiwoyina sun daina son sanyin ruwa, nasa idon kuma ya fara dushewa, lambar zobe sai na karanta masa. Da ya zo a bana ya ce 'yan ci-rani sun fara isowa, na ce, "Malam, shekara nawa muna wannan wahala? Wa ya taɓa ce mana sannu? Aikin banza ne, mun tsufa muna wasan yara." Ya ce, "To Malam Sale, ka huta."

A wurin jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, muka amsa baki ɗaya cewa mun yafe. Na amsa tare da kowa, amma ni ba ni da abin da zan yafe masa. Tambayar da nake buƙata a yi ita ce ko shi ya yafe mini, kuma wanda zai amsa ta yana kwance a cikin makara.

Ranar sadakar uku muna zaune a kan tabarmi, wani dattijo ya sauka daga ɗan acaɓa, ya fito daga wajen Mashi. Bai ji rasuwar ba. Ya yi sallama ya ce yana neman mai karɓar cigiyar tsuntsu. Da aka gaya masa, ya yi ta'aziyya, sannan ya zaro wani ƙullin leda mai zoben tsuntsu a ciki daga aljihu ya ce, "To yanzu wa zan ba? Nisa na yi da shi." Kowa ni yake kallo. Na miƙa hannu na karɓa. Da yamma ni da Hadiza muka aika wa masu zoben lambarsa ta wayarta, na sa ta rubuta neman yafiyar a fili. Na san amsa za ta zo, kuma zan kai wa dattijon har gida, ko da gwiwa ta ƙi.

Tawa cigiyar ce ba ta da adireshi. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, zan faɗe shi a nan. Bayan na ce masa na gaji, safiya bakwai a jere na ji babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar gidana bayan asuba. Ba ya yin oda, ba ya sallama. Injin yakan yi ta kaɗawa na ɗan lokaci, sannan ya ja ya tafi shi kaɗai. Ina kwance ido biyu, ina ji. Kullum ina cewa gobe zan fita in ba shi haƙuri. A safiya ta takwas ban ji komai ba, har na ji sanyi a raina cewa ya haƙura da ni, ashe zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

Allah Ka jiƙan Malam Lawal, Ka yi masa rahama, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa tausayin da ya nuna wa ƙananan halittunKa ya tarbe shi a can. Ka ba Hajiya Rabi matarsa, da Hadiza da ƙannenta, haƙurin wannan rashi, Ka tsaya musu a inda yake tsaya musu. Ku kuma da kuka san shi, idan kun gama yi masa addu'a, ku ƙara mini guda ɗaya: Allah Ya sa a cikin safiyoyin nan bakwai, kafin ya ja babur ɗinsa, ya riga ya ce ya yafe mini.