Ciwon da Maigidana Ya Ɓoye Mini

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan manta da wata Alhamis ba, yau shekara goma sha ɗaya, ranar da na ɗaure kayana zan bar gidan mijina a kan ciwon da ko sunansa ban sani ba.

Maigidana baduku ne a unguwar Birni, nan cikin Damagaram. Jakunkuna da takalma yake ɗinkawa kamar yadda mahaifinsa ya yi, lokaci-lokaci ya kai su Agadas ya sayar. Ni 'yar Gidimuni ce, daga bakin tafki aka kawo ni. A lokacin aurenmu yana da shekara bakwai, muna da 'yan mata biyu. Mutum ne mai raha, mai son tuwon hatsi da yaji, wanda in yana gida maƙwabta ma sun sani saboda dariyarsa.

Sannu a hankali ya zama wani mutum dabam. Kwanon da na kai masa sai ya dawo kusan yadda na kai shi. Ya daina zaman majalisa, daga baya har masallaci ya rage zuwa, sai ya yi sallarsa a ɗaki. Buta kuwa ba ta rabuwa da hannunsa. Duk wanda ya zauna a nan Zinder ya san darajar ruwa, to randar da ke yi mana kwana biyu sai ta koma ƙarewa a wuni guda. Na yi ta yi wa yara faɗa a banza, kafin in gane shi ne ke wanke wandunansa a ɓoye, ya shanya su bayan fatu a zauren aikinsa.

Sau ɗaya tak na tambaye shi. Na ce, "Malam, lafiyarka kuwa?"

Ya ce, "Basir ne kawai, ya kusa sauka."

Na karɓi wannan amsa domin ta fi mini sauƙi. Ya yi ta shan saiwoyi da sassaƙe da yake sayowa a kasuwa, yana ta ramewa har rigunansa suka koma kamar na aro. Daga nan ya ƙaurace wa ɗakina gaba ɗaya, ya mayar da shimfiɗarsa zaure.

Unguwa ba ta jira likita kafin ta yanke hukunci. In na iso bakin famfo sai hira ta mutu. Wata maƙwabciya da kullum take shan ruwa a gidanmu ta fara cewa ba ta jin ƙishi. Gwaggona da ke zaune a unguwar Zango ce ta fito mini fili. Ta ja ni ƙuryar ɗaki ta ce, "Ke, buɗe idonki. Wannan rama ba ta basir ba ce. Mutumin da ke tafiye-tafiye, ya zo ya guji ɗakinki, me kike jira a faɗa miki? Sida ce, ƙanjamau. Kwashi 'ya'yanki ki koma gida tun da sauran ƙarfinki."

Yau in na tuna, abin da ya fi ba ni kunya shi ne ban yi gardama ba. Tsoro ya haɗu da fushi, na ga kamar ya ci amanata ne ya kuma rufe ni.

Ran Alhamis yakan fita kasuwa da wuri. Na tura yara gidan gwaggo, na ɗaure tufafina cikin zane, na zauna ina jiran ya fita in nufi tashar Gidimuni. Har hantsi ya ɗaga bai fita ba. Can sai na ji faɗuwar buta a wajen makewayi. Na kira shi sau biyu, shiru.

Na same shi kwance a bakin ƙofa, fuskarsa ta yi fari fat, wandonsa ya ɓaci da jini da abin da ba sai na faɗa ba. Na durƙusa na ɗaga kansa. Da ya buɗe ido, bai ce in taimake shi ba, bai nemi ruwa ba. Cewa ya yi, "Kar ki duba. Don Allah ki juya baya."

Na ruga ɗaki neman abin da zan rufe shi, ba abin da ke kusa sai ƙunshin kayana. Na jawo shi har inda yake kwance, na kwance, na zaro zane na lulluɓe shi. Ya dubi kayan da suka zube a ƙasa, ya dube ni.

Ya ce, "Tafiya za ki yi?"

Na ƙara ja masa zanen.

Ya ce, "Ba laifinki ba ne." Ya sake rufe ido.

Wani maƙwabcinmu ya nemo taksi muka kai shi asibiti. Aka ƙara masa ruwa, aka ƙara masa jini, aka yi gwaje-gwaje har da na sida, nasa da nawa, ba a ga komai ba. Ina tsaye lokotoro, wato likita, ya tambaye shi tun yaushe yake ganin jini. Ya ce shekara biyu. Sau nawa yake zagayawa a wuni? Ya sunkuyar da kai ya ce wata rana yakan wuce goma. Gida ɗaya muke, ni ke dafa masa abinci, amma a bakin gadon asibiti na fara jin wannan, kamar baƙuwa.

Da ya ɗan farfaɗo aka tura mu Yamai, inda aka duba cikin hanjinsa da wata na'ura. Lokotoron can ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce babban hanjinsa ne ya kumbura ya yi gyambuna. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba a kuma shafa wa wani. Ba ya warkewa ɗungum, amma da magani yakan kwanta ya daɗe bai tashi ba. Ya ƙara da cewa da an zo da wuri, da bai sha rabin wannan wahala ba.

A motar dawowa, hanya mai tsawo, na samu bakin tambayarsa. Na ce, "Malam, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya dubi daji ta taga. Sannan ya ce, "Ta yaya namiji zai dubi matarsa ya ce mata ba ya iya riƙe cikinsa? Kuma abin da ake faɗa a unguwa ya iso kunnena. Na san ban aikata komai ba, amma da ramar ta yi yawa ni ma na fara tsoro. Shi ya sa na bar ɗakinki, kar in cuce ki."

Ashe abin da na ɗauka hujja ce a kansa, kariya ce yake yi mini. Na ja mayafi na rufe fuska, na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon.

Har yanzu yana tare da ciwonsa. Yana shan magani kullum, ya haƙura da yaji da kilishi. Wata shekara lafiya lau, wata shekara ciwon ya tashi mu koma asibiti. Amma ya koma aikinsa, ya koma sahun masallaci, in cikin ya motsa kuma ni ce ta farko da ke ji.

Na sha tambayar kaina: da a ce gwajin ya nuna sidar ce fa? Yanzu na san ko da ita ce, asibiti ya kamata in kai shi, ba tasha ya kamata in nufa ba. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kunya ado ce a wurare da yawa, amma ban da wurin ciwo. Mai ganin jini a jikinsa ya faɗa, ya je a duba shi. Wanda kuma ya ga nasa yana ramewa yana guje wa mutane, kar ya tsaya a kan amsar farko, kar kuma ya nemi bayani a bakin famfo. Ya zauna kusa da shi ya sake tambaya, da murya mai taushi, har sai ya ji gaskiya.