Tukunyar Baba Sale

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin da muka kai dutse maƙera ba. Farkon shekarun casa'in ne, ina babban ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen nazarin duwatsu.

Akwai ɗalibarmu, Malama Rabi, mai neman digiri na biyu. Aikinta shi ne ta narkar da garin dutsen giranit kashi biyu, ɗaya zallansa, ɗaya da hodar sinadarin boron, ta gwada su bayan sun daskare sun zama gilashi. Ana sa ran mai boron zai fi cin wuri, ya kuma fi rashin nauyi. Mun gama na farko ke nan tanderunmu na lantarki ya ƙone. Wa'adinta ya ƙarato, idan ya wuce an sallame ta.

Sai na tuna da Baba Sale, aminin mahaifina, maƙerin tagulla a unguwar Kusfa. Boron yana sa dutse saurin narkewa, don haka wutar gawayi za ta iya. Da na yi masa bayani ya yi dariya, ya ce, "Isiyaku, boko ya kai ku ga dafa dutse?" Ya ɗauko tukunyar narkin da ya gada wurin mahaifinsa, don ita kaɗai ke jure irin wannan wuta.

Muka zuba kashin mai boron a ciki, aka yi ta zuga har la'asar. Dutse ya narke, amma ba ya zubuwa kamar tagulla. Da ya huce sai ya kama tukunyar gam. Ba yadda za a auna shi sai an fasa ta.

Rabi ta ce, "Baba, a bar shi. Na haƙura." Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ya daɗe yana jujjuya tukunyar a hannu. Can ya ce, "'Yar nan, wuni guda ina zuga, sa'an nan in kasa jin amsar?" Ya yi bisimilla, ya sa guduma da kansa.

Ranar Litinin muka auna. Mai boron ya fi rashin nauyi. Na koma na gaya masa, ya ce to madalla, ya ci gaba da aikinsa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku ƙananan ma'aikata, ku daina raina sakamakon gwaji don ya zo a layi ɗaya. A kundin Rabi, wannan layin yana nan. Tukunyar Baba Sale ba ta ciki.