Takardun haraji bakwai na Khala

Shekarun baya masu yawa, a farkon shekarun saba'in in ban yi kuskure ba, na yi wani abu da har yau in na tuna shi nakan ajiye abin da ke hannuna. Ban taɓa rubuta shi ba. Yanzu da waɗanda abin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, ina jin babu laifi in faɗa, ko da yake ba zan kama sunan kowa ba.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Nuzla. Kakana ne ya zo aikin Hajji a ƙasa daga Najeriya, bai koma ba. Lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama jami'a ba. Lissafin kuɗi na karanta, na samu aikin riƙe littafi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Ni mutum ne mai tsoron kuskure tun ina ƙarami. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu, in aka ce a kawo takarda ɗaya sai in tafi da uku. A unguwa Ustazu ake ce mini, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Mahaifiyata tana da aminiya da muke kira Khala, wato inna, ko da yake babu jini tsakaninmu. Daga Najeriya ta zo ta hanyar Sudan, kusan shekara ashirin kafin nan. Abin da kowa ya sani shi ne tun tana yarinya take gidan aure, mijin ya rasu a hanya, ta ƙaraso ita kaɗai. Da safe tana sayar wa 'yan dako waina da kunu a ƙofar tasha. Amma ba da waina aka san ta a Nuzla ba. Ita ce mai wankan gawar mata. Duk gidan da mace ta rasu, kafin a gama salati an aika a kira ta, kuma ba ta karɓar ko ƙwandala. Mahaifiyata takan ce a gabanta, "Ni dai na gama magana, ke za ki wanke ni." Khala ta ce, "To ki daina cin mai, ki sauƙaƙa mini juyi." Su yi ta dariya.

Kowane azumi takan kira ni in yi mata lissafin zakka. Ba ta iya rubutu ba, amma ban taɓa ganin mai riƙe lissafi kamarta ba. Tana da zare mai ƙulli-ƙulli, kowane launi da abin da yake nufi. Shekarar farko na tara cinikinta gaba ɗaya zan fitar da zakka a kai, sai ta riƙe mini alƙalami.

"Ustazu, a jami'ar taku ba a sayen gawayi?"

Na ce ana saye.

"To cire gawayi. Cire mai, cire shinkafa, cire hayar ɗaki, cire bashin mai sukari. Abin da ya kwana a hannuna shekara guda, shi ne nawa. Sauran wucewa ya yi ya gaishe ni."

Na tambaye ta inda ta koyi wannan. Ta ce, "A wata makaranta da ba ka shiga ba, kuma Allah ya sa kada 'yarka ta shiga." Na ɗauka wasa ne.

A wannan shekarar aka fara matsa wa mutane a kan iƙama, takardar izinin zama. Khala ba ta da ita, ba ta ma da fasfo, domin lokacin da ta shigo ba kowa ke da shi ba. Hankalinta ya tashi. Burinta ɗaya ne, ta mutu a ƙasar nan a binne ta kusa da Makka. Sai da fasfo ake samun iƙama, fasfo kuma sai dattawan mutanenmu sun zauna sun shaida cewa lalle ke 'yar can ce, su sa hannu a kai wa ofishin jakadanci. Ni aka ba aikin rubuta takardar roƙon.

Tana da wani gwangwanin alewa da ta ba mahaifiyata ajiya, saboda ɗakinta na yoyo. Ta sa aka ɗauko, ta buɗe a gabana, ta zaro takardar allurar rigakafi da aka yi mata a Sudan ta miƙo mini. A ƙasan gwangwanin na hango wasu ƙananan takardu an ɗaure su da baƙin zare. Na kai hannu, ta doke mini yatsa.

"Waɗannan ba naka ba ne. Ta allura ta isa."

Ni kuwa a raina ba ta isa ba. Takardar allura ba ta faɗi garinsu ba, hatimin ma ya koɗe. Kwana biyu ina juya abin. In dattawa suka ce babu hujja fa? In ofishi ya dawo da takardar fa? In aka kama ta a ƙofar tasha saboda sakacina fa? Ranar zaman, bayan azahar, mahaifiyata ta shiga maƙwabta, na buɗe akwatinta na ɗauko gwangwanin, na kwance baƙin zaren. Ni kaɗai ne a gidanmu na iya karatun boko. Rasit ne na haraji, guda bakwai, shekara bakwai a jere, kowanne da sunanta, da sunan wani garin haƙar kuza, da unguwa, da hatimin hukuma. Wallahi murna na yi. Na ce ga hujja da babu mai ja da ita. Na gaya wa kaina ba zan fito da su ba sai in an buƙata.

Bayan la'asar dattawa suka zauna a kan tabarma a ƙofar gidan babbansu, su wajen takwas, ga wasu 'yan zaman kallo. Babban nasu tsoho ne mai sanyin magana, wanda ya taɓa yin aikin malamin haraji a gida kafin ya yi hijira. Na karanta roƙon, na miƙa takardar allura. Ya duba ya ce, "Wannan baiwar Allah ai mun san ta. Ita ta wanke mahaifiyar yarana. Kawo in sa hannu."

Da na yi shiru a nan, da magana ta ƙare. Amma sai na ce, "Baba, ina tsoron kada ofishi ya ce hujjar ta yi rauni. Akwai wasu takardun, ko za a haɗa." Na zaro su na ba shi.

Ya dubi ta sama kawai. Na ga ya ninke su da sauri, ya tura mini cikin tafin hannu, ya rufe da nasa hannun.

"Ɗana, mayar da wannan aljihu. Halas, shi ke nan, ta allura ta isa."

Ban gane ba. Na ɗauka idonsa ne ba ya ganin ƙananan rubutu, yana jin nauyin faɗa. Don in taimake shi, sai na buɗe na karanta da ƙarfi. Sunanta, garin, unguwar, shekara ta farko, ta biyu, har ta bakwai. Na ƙara da cewa, cikin alfahari, "Ba ta taɓa tsallake ko shekara ɗaya ba."

Wani daga cikin 'yan kallo, dillalin kayan gwanjo mai sakin baki, ya ce, "Haraji? Da sunanta? To mijin yana ina?" Wani ya maimaita sunan unguwar a hankali, ya ce ya taɓa zama a garin. Tsohon ya ce, "Ku ji tsoron Allah." Ya sa hannu, sauran ma suka sa, ba wanda ya dubi wani. Da zan tafi ya riƙe rigata ya ce a hankali, "Ya waladi, ɗana, a can gida matar aure ba ta biyan haraji. Mijinta ke biya. Macen da ake yanka wa haraji da sunanta, a irin wannan unguwa, mai zaman kanta ce. Na rufa maka, ka yaye."

Kafin magariba maganar ta riga ni zagaya unguwa. Mahaifiyata ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan. Na ce mata, "Umma, wallahi ban sani ba. Ke ma ai ba ki sani ba."

Ta ce, "Wa ya gaya maka? Tun shekarar da ta zo na sani. Rabin matan Nuzla sun sani. Mace ta zo Ɗakin Allah ta tuba, sai mu tsaya tonon me? Muna sane muka ba ta gawar iyayenmu. Amma abin da mata suka sani a ɗaki daban, abin da aka karanta a gaban maza daban. Yanzu kowane miji sai ya nuna shi ma yana da kishi."

Haka kuwa aka yi. Sati biyu bayan nan wata tsohuwa ta rasu a layinmu. Khala ta haɗa sabulunta da ganyen magarya da kafur, ta zauna a bakin gado tana jiran ɗan aike. Ba a aiko ba. Daga wata unguwa aka ɗauko mai wanka. A ƙofar tasha ma 'yan dako ba su daina sayen waina ba, amma an fara yi mata irin wasan da ba a yi wa sa'ar uwa.

Na yi kusan wata ina kewaye layinta. Kullum in shirya abin da zan faɗa, in ga bai yi ba, in sake. Ranar da na shiga, na tarar tana tankaɗe. Na durƙusa na ajiye rasit ɗin a gabanta. Ta goge hannu ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

"Bakwai. To, aƙalla ba ka yar da ko ɗaya ba."

Na fara ba da haƙuri, ina cewa wataƙila da na tambaya, wataƙila da na fahimci tsohon. Ta ce, "Ustazu, bar wataƙila ɗin nan, ta ishe ni. Zauna."

Ita da kanta ta ba ni labarin, ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Aurenta na fari ya mutu, iyaye babu, ta bi mota zuwa garin kuza ta kama ɗaki. Kowace shekara magajiya, shugabar matan gidajen, takan zo da mai ƙiyasin haraji, ɗaki ɗaki. Yakan dubi gado da kwanonin jere da zannuwa, ya yanka abin da ya ga dama. "Sauran mata kuka suke yi masa. Ni kuwa na ce, malam, wannan gadon haya ne. Kananzir saye nake, turare saye, lalle saye, ga kason magajiya, ga kuɗin ɗaki. Cire su tukuna, ka yanka a kan abin da ya rage. Ya yi dariya, amma ya rage." A nan ta koyi lissafin da ta koya mini.

Na tambaye ta me ya sa ta ajiye su har yau. Ta ce shekarar farko rasit ɗinta ya ɓata, aka sa ta biya sau biyu, ta rantse ba ta ƙara yar da takarda. "Daga baya kuma sai suka zama abin tuna mini. In na wanke gawa na dawo, zuciyata ta fara gaya mini ni wata ce, sai in tuna da gwangwanin."

Sannan ta ce, "Kai mai lissafi, shekara ashirin ina wanke matattun unguwar nan. Cire bakwai daga ashirin, nawa ya rage?"

Na ce sha uku.

Ta ce, "To mutanen Nuzla ba su iya lissafi ba."

Fasfo ya fito bayan wata uku, ba tare da an nemi wata ƙarin hujja ba. Takardar allurar ta isa, kamar yadda ta faɗa, kamar yadda tsohon ya faɗa. Na kai mata ina cewa yanzu sai maganar iƙama, har na samo wanda zai tsaya mata. Ta juya fasfon a hannunta ta ce a'a. Akwai wata 'yar'uwarta a Sudan, can za ta. Mahaifiyata ta yi kuka, ta yi roƙo, har ta yi fushi. Khala ta ce, "Zama ba a kira ni ba, ina jin ana salati a maƙwabta, wannan ba zan iya ba."

Ni na ɗaukar mata akwati har bakin jirgin ruwa, ta ƙofar da ta yi shekara ashirin tana soya waina. Kafin ta hau ta ce, "Na yafe maka, ka ji? Kada ka je kana juya shi shekara da shekaru, na san halinka." Na ce to. Ban cika wannan alkawarin ba. Takardar da na rubuta don ta zauna, da ita ta tafi. Saƙonta ya zo sau biyu ta hannun alhazai, daga nan shiru, sai labarin rasuwarta.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa niyyata mai kyau ce, kuma ina jin haka ne. Amma in zan faɗi gaskiya, ba ita nake karewa ba ranar nan. Kaina nake karewa, kada a ce Ustazu ya kai takarda an dawo da ita. Mutum biyu da suka fi ni sani sun ce mini ya isa, na ƙi yarda, saboda ban saba yarda da abin da ba hatimi a kansa ba. Na yi aikin lissafi har na yi ritaya, takardun mutane da yawa sun bi ta hannuna, kuma tun daga ranar ban ƙara karanta takardar wani da ƙarfi ba sai ya ce in karanta.

Mahaifiyata ta rasu shekara shida bayan tafiyar Khala. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Ranar da ta rasu, ina tsaye a tsakar gida, ƙanwata ta fito ta ce, "Yaya, wa za a kira ya yi wanka?" Na buɗe baki, sunan da ya zo mini ɗaya ne. Wata mata aka ɗauko daga nesa, mai kirki, ta yi aikinta da kyau. Da ta fito tana goge hannu sai ta tambaye ni sunan marigayiyar, don ta sa ta a addu'a.