Dashen da Aka Kife da Masaki

Matso kusa, ɗan'uwa, ka gyara zama. Ni ban yi nisa a lakol ba, wato makarantar boko, amma abin da kunnena ya ɗauka ba ya yasarwa, kuma akwai wata magana ta gidanmu da na daɗe ina son in sauke wa wani.

Ƙauyenmu yana gefen Tama, hatsi a tudu, albasa a fadama. Lokacin ɗari, in an yi magariba an ci tuwo, kakarmu takan sa a tara kara a tsakar gida a hura wuta, mu kewaye ta, mu da ƴaƴan maƙwabta. Wanda ya fi kowa kusa da ƙafarta shi ne wana Sa'idu. Maigida take ce masa, irin wasan kaka da jika. In ta manta waƙar tatsuniya shi ke ɗauko mata, in ta yi gyangyaɗi shi ke ƙarasa labarin, har da ƙarin ƙaryarsa.

Shekarar da aka sa Sa'idu lakol, Baba ya dawo daga bida, wato ci-rani, a Abijan. Can ya yi dako har kafaɗarsa ta yi kanta, yana kallon masu karatu zaune a inuwa suna nuna masa inda zai sauke kaya. Ya dawo da fitila sabuwa, ya share ɗakin da ake ajiye kayan noma, ya ce daga yau in an ci tuwo Sa'idu nan zai shiga, tatsuniya ta marasa aiki ce. Yakan saƙale ƙofar daga waje da itace. To Baba bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, saboda haka da kunne yake auna karatu. Muddin murya na tashi, aiki na tafiya. In ta tsaya, sai ya buga sanda a ƙasa daga kan buzunsa: "Ban ji ba!"

Kada ka ce mugu ne. Iyakar gatan da ya san zai iya yi wa ɗansa ke nan.

Sa'idu ya fara ramewa. Dariya ta ɗauke. Yaron da bakinsa ba ya hutawa sai ga shi yana i'ina, ko gaisuwa sai ya yi ta kokawa da ita. Ni kuma na kan manna kunne a bango, sai na gane ƴan kalmomi ne guda na harshen lakol yake ta juyawa kullum, kamar mai niƙa ba tsaba a dutse. Har ni na haddace su.

Wa zai faɗa? Sa'idu ɗan farin Inna ce, ba ta kama sunansa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Sai dai ta ƙara masa miya ta kau da kai. Baba kuma ɗan farin Kaka ne, ita ma ba ta kama sunansa, ba su zama fuska da fuska su yi magana. Haka muka taso muka iske. Mata biyu suna kallon yaro yana ƙarewa, kunya ta ɗaure kowacce a inda take.

Wata rana bayan tuwo Kaka ta kira ni ta ce, "Rabi, ku ja mani wutar ga can, iska na damuna nan." Ko ganye ba ya motsi. Muka ja wutar har tsakanin ƙofar Sa'idu da buzun Baba. Ta miƙe ƙafa ta ce, "Ni dai an ƙwace mani miji ina ji ina gani, ba saki ba takaba." Yara suka kwashe da dariya. Ta ce, "To ga wata nan tahe, ku ba ta wuri." Muka ce mun ba ta.

Wai wani mai garka ne ya samo dashen albasa guda daga ƙasa mai nisa, irin da babu kamarsa. Ya dasa. Sai tsoro ya kama shi: ga akuya, ga rana, ga idon mutane. Ya ɗauko masaki ya kife dashen, ya ɗora dutse. Kullum sai ya zo ya ƙwanƙwasa masakin, "Kana girma?" Nan Kaka takan matse murya ta zama ƴar siririya: "Ina girma, baba." Sauran dashen da ke garkar kuwa rana ta dake su, akuya ta ɗan taɓa wasu, amma suka yi kai. Ranar cira mai garka ya tara mutane su zo su ga abin mamaki. Ya ture dutse, ya ɗaga masaki. Sai ga wani abu fari kamar zare, ya yi ta kewaya cikin duhu yana neman kafar fita har ya naɗe kansa, babu kai babu ganye. Mai garka ya ce, "Ba kai ka ce mani kana girma ba?" Dashe ya ce, "Abin da kake son ji ke nan. Kuma ko sau ɗaya ba ka leƙo ba."

Ta ce, "Nan ta faɗi, wanda ya tsinta tashi ce."

Sai a lokacin na lura muryar Sa'idu ta daɗe da tsayawa, kuma sanda ba ta bugu ba. Baba ya tashi, ya zare itacen, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Abin ga da kake ta faɗi, mi yake nufi da Hausa?"

"Ba... ban sani ba, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun... tun farko."

Na runtse ido ina jiran duka. Sai na ji Baba ya ce, "Fito ka ji ɗumi." Sa'idu ya fito ya zauna can baya, inda haske bai kai sosai ba. Kaka ta ce, "Maigida, ango ya dawo! Ɗauko mani waƙar nan da na manta." Ya buɗe baki. Ba abin da ya fito.

Ba a sake saƙale ƙofar nan ba. Amma washegari da aka ci tuwo, Sa'idu ya ɗauki fitila da kansa, ya shiga, ya ja ƙofa. Ya ci gaba da lakol, yau yana aiki a Tawa, a inuwa, yadda Baba ya so. In na je gidansa, ƴaƴansa daga bakin ƙofa suke gaishe shi.

Da nawa ƴaƴan suka shiga lakol, a tabarma gefen murhu nake zaunar da su, ina tuƙi ina cewa, "Ba ni labarin abin da mushe, malaminku, ya faɗi yau, da Hausa." In sun kasa ba na faɗa, sai mu tafi tare wurin wanda ya sani. Da can na ɗauka Kaka ta yi tatsuniyar ne don ta kunyata Baba. Sai da na haifi ɗan farina, aka ce kada in kama sunansa, na gane da kanta ma take: ita ma tana da ɗa a gida ɗaya da ita, ya dawo daga uwa duniya da ciwo a zuci, ba ta da halin ce masa me ya same ka.

Kai fa, yaron nan na gidanka da kullum yake ce maka lafiya lau, yaushe rabonka da ka zauna ƙasa kusa da shi ka tambaye shi abin da bai gane ba?