Iya Lubabatu, Mai Kula da Robar Numfashi

Kafin nas-nas su fara zagayen duba marasa lafiya, Iya Lubabatu ta riga ta ɗora ruwa a wuta. Haka take yi kullum a bayan ɗakin yara na wani ƙaramin asibiti da ke tsakanin Bebeji da Ƙofa. Tana sauka daga babur za ta gaisa da maigadi, ta leƙa ta yi wa masu jinya ya mai jiki, sannan ta wuce ɗan ɗakinta mai taga ɗaya da aka lulluɓe da raga. Ba ta yin allura, ba ta rubuta magani. A matsayin mai shara da goge-goge aka ɗauke ta aiki. Amma duk siririyar robar nan mai baki biyu da ake saƙala wa yaro a hanci don ya shaƙi iskar oksijin, sai ta biyo ta hannunta.

Ka'ida ita ce kowane mara lafiya a fasa masa sabuwa. To, a karkara sabuwar ba kullum take samuwa ba, kuma yaron da numfashi ya sarƙe wa ba ya jiran mota ta dawo daga Kano. Shi ya sa wanda ke wanke tsohuwar ya zama mai riƙe da amanar rai. Iya takan sa safar hannu ta wanke kowace roba da sabulu, ta ɗura mata ruwa da sirinji har sai majina ta fita tas. Ta jiƙa ta a ruwan bilic daidai awon da nas-nas suka koya mata, ta ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, ta rataye ta a igiya baki ƙasa. Ba ta sauke ta sai ta ɗaga ta a hasken taga ta ga babu ɗigon ruwa a ciki. Daga nan kowace ta shiga ledarta, a ɗaure, a jera a bokiti mai murfi. Wadda ta ƙandare ko ta canja launi kuwa, almakashi take sa mata, don kada wani ya tsinta ya ce da sauran amfani.

Ba ta tsaya nan ba. A kan kowane gado ta rataye 'yar leda mai tsabta, domin in an cire wa yaro roba za a yi masa wanka, kada a ajiye ta a kan katifa ko tabarma inda ƙuda da ƙura za su same ta. Duk uwar da ta kwana a ɗakin nan ta san faɗan Iya a kan wannan.

"Haba 'yata," takan ce, "za ki yar da cokalinsa a ƙasa ki ɗauka ki sa masa a baki? To wannan ta fi cokali. Har ƙirjinsa take kaiwa."

Wasu sukan tura baki. Har suna aka sa mata, wai Iya Sarkin Roba. Da ta ji sai ta yi dariya ta ce ta karɓi sarautar, a kawo rawani.

Malam Kamilu, nas ɗin da ya fi daɗewa tare da ita, shi ya ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙarshen wata damina, da hantsi, aka shigo da wata jaririya mai suna Humaira daga wata ruga a wajen Ɗansoshiya. Ko yaye ba a yi mata ba. Sanyi ya kama mata huhu, haƙarƙarinta yana lotsawa da kowane numfashi, leɓɓanta sun fara duhu. Uwarta Hajara ce ke riƙe da ita, amma mai magana a tafiyar ita ce kakar jaririyar, Goggo Kyauta. Malam Kamilu ya kunna injin iska, ya miƙa hannu zai ɗauko roba, sai tsohuwar ta tare gaban yarinyar.

"Ba za a sa mata wannan ba."

"Goggo, iskar nan ce za ta taimake ta. In ba a sa ba, ina jin tsoro."

"Haka aka ce mini a kan maigidana," in ji ta. "A wani asibiti can nesa, da idona na ga robar a yashe a gefen gadon wanda aka fitar da gawarsa. Aka ɗauko aka sa wa nawa. Bai sake magana ba. Robar gawa ce. A ba mu allura mu tafi."

Ya yi bayani iya bayani. Ya ce da a ce akwai sabuwa a leda, da ya fasa a gabanta, amma makon nan yara sun yi yawa, sababbin sun ƙare. Wannan maganar ta ƙara ɓata lamarin. Goggo Kyauta ta ce wa Hajara ta goya yarinyar. Hajara tana kuka ta fara warware zani, don ba za ta iya musa wa uwar mijinta ba.

Iya Lubabatu tana goge ƙasa a ƙarshen ɗakin. Ta jingine abin gugar, ta wanke hannu, ta zo ta rusuna ta gaishe da tsohuwar kamar babu abin da ke faruwa. Ta yi mata ta'aziyyar mijinta. Sannan ta ce:

"Yaya, abin da kika gani ba daidai ba ne, kuma ba zan ce miki ba ki gani ba. Amma zo ki ga nawa. Taku kaɗan ne. In bai yi miki ba, ni da kaina zan tsayar muku da babur."

Tsohuwar ta bi ta, tana tafe tana waiwaye. Iya ta buɗe ɗan ɗakin nan, ta nuna mata tukunyar ruwa, da robobin da ke rataye suna tsanewa, da bokitin da ke rufe.

"In kin tatsi nono, a wace ƙwarya kike zubawa?"

"A wadda na wanke na kife ta bushe mana."

"In kin zuba fa?"

"Na rufe da faifai."

"To ga ƙwaryata, ga faifaina. Ɗaga murfin da hannunki, ki zaɓi wadda ranki ya kwanta da ita."

Goggo Kyauta ta ɗaga murfi. Ta ɗauko leda ɗaya, ta kwance, ta shinshina robar, ta ɗaga ta a haske kamar mai duba tsakuwa a gero. Suka dawo tare. Iya ta roƙi Malam Kamilu ya haɗa robar da injin, ta kara bakin robar a kuncin tsohuwar don ta ji abin da ke fitowa.

"Iska ce kawai," in ji Goggo Kyauta a hankali.

"Iska ce kawai, Yaya. Irin wadda Allah ya ba ni da ke, an tace mata ita ne don ƙirjinta ya gaji."

Tsohuwar ta yi bisimilla, ta riƙe kan jikarta da hannu biyu, Malam Kamilu ya saƙala robar. Ya ce mini kafin azahar leɓɓan yarinyar sun washe, washegari ta kama nono. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne yadda Goggo Kyauta ta koma 'yar sandan ɗakin. Duk uwar da ta ajiye roba a kan gado sai ta ji muryarta daga can: "Ke! A leda!" Ranar sallama ta kama hannayen Iya, hannayen da bilic ya busar har suka tsattsage, ta yi ta cewa "Miyetti, miyetti," wato na gode. Bayan kwana biyu ta aiko mata da man shanu, ta ce na shafawa ne, ba na miya ba. Tun daga lokacin, mutanen rugagen wajen in sun kawo yaro ba sa gardamar iska. Abin da suke tambaya shi ne, tsohuwar nan mai bokiti tana nan?

Nawa ganin kuwa a gidanmu na yi shi. Mahaifina, Malam Inuwa, tsohon mai injin niƙa ne, ƙurar gari ta ci masa huhu. Da aka sallame shi daga asibiti a Kano, muka dawo da shi Bebeji da ƙaramin injin iska da yake amfani da shi a gida. An koya mana kunnawa da kashewa, mu kuma muka ɗauka shi ke nan. Iya ta ji labari a wurin biki. Babu wanda ya aike ta, ranar hutunta sai ga sallamarta. Ta tarar da robar rataye a ƙusa ɗaya da hular Baba da carbinsa, jelarta tana jan ƙasa, kaji suna shiga suna fita.

"Malam, wannan ce kake mayarwa hancinka?"

"Lubabatu, ni da na yi shekara da shekaru ina shaƙar garin dawa, 'yar ƙurar nan ce za ta kashe ni?"

"Ai garin dawar ne ya kawo mu nan," ta ce. "Kada mu ƙara masa gudummawa."

Baba ya yi dariya har tari ya kama shi. Ta zaunar da mu, ni da matata, ta nuna mana yadda za mu goge bakin robar bayan kowane amfani, mu wanke ta lokaci-lokaci, mu bari ta bushe sarai, mu adana ta a leda cikin kwano mai murfi. Ta ce in ya yi mura ya warke, ko robar ta fara tauri, a canja ta, kada a yi mata rowa. Muka kawo tukuici ta ture, ta ce a ba ta ruwa kawai. Zazzaɓin da ke yawan kwantar da Baba ya yi sauƙi. Ba zan ce robar ce kaɗai ba, lafiya ta Allah ce, amma yau da ƙafarsa yake zuwa masallacin ƙofar gida.

A watan jiya Iya ta yi ritaya. Gwiwa ta fara ƙi, shekarun aiki ma sun cika. Ta bar mata biyu da ta koya wa aikin, kuma Malam Kamilu ya ce sun gaji har faɗan. A 'yar walimar da aka shirya mata aka ce ta yi jawabi. Ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce ita ba ta iya jawabi ba, a dai yafe mata surutun da ta yi wa mutane. Wani ya ce abin takaici ne a ce yaran da suka tashi daga gadajen nan ba su ma san sunanta ba.

"To ina ruwansu da sunana?" ta ce. "Su dai yi ta gudunsu."

Iya, ke ce wadda kika ɗauki aikin da ake ƙyama kika riƙe shi kamar ibada. Ke ce kika yi abu daidai a ɗakin da babu mai leƙowa, inda da kin ɗauraye sama-sama babu wanda zai sani sai Allah. Rijiya ta bayan gari, mai shan ki ba ya tambayar wanda ya haƙa. Mun gode. Allah ya sanyaya gwiwoyinki, ya ba ki hutu mai albarka, ya sa abin da kika yi ya tarbe ki ranar da kowa ke neman abin tarba.

Mu kuma da muka rage, daga Kiru zuwa Tudun Wada har Doguwa, kada mu tsaya a yabo da tafi kawai. Mai jinya a gida, ka nemi leda mai tsabta da kwano mai murfi tun yau. Ma'aikacin asibiti, kada ka raina abin da za ka sa a hancin ɗan wani. Masu iko da asibitocinmu, ku wadata su da sababbin robobi da ruwa mai kyau, ku kuma san darajar masu wankewa tun suna raye.

In kuma hanya ta bi da kai ta Ƙofa da yamma, ka ga yara sun cika fili suna tsere, suna haki suna dariya, ka tsaya ka saurari hakin nan. Na wasa ne, ba na ciwo ba. Ka yi wa Iya Lubabatu addu'a ka wuce.